Jirgin da ke Kewaya Melbourne Kyauta

A watan Yuli na sauka Melbourne, kuma sanyin da ya tarbe ni ya fi na tsakiyar hunturu a Kano, domin a Ostireliya lokutan shekara a juye suke. Ɗan ƙanwata da ke karatu a can shi ya kai ni gaban tashar jirgin ƙasa ta Flinders Street, wani gini mai launin rawaya da ƙubba a kansa, wanda aka kammala a 1910. A saman ƙofarsa an jera agogai, kuma mutanen garin idan za su haɗu sai su ce a tarar da su "ƙarƙashin agogo". Muna tsaye sai na ji ƙararrawa sau biyu. Na waiga, ga wani tarago kore da ruwan madara yana tafe a kan dogo a tsakiyar kwalta, motoci na bin gefensa, lamba 35 a goshinsa.

"Kawu, shi ne wannan, mu shiga," in ji yaron.

Na sa hannu a aljihu, ya riƙe ni. "Bar kuɗinka, Kawu. Ba a biyan ko sisi."

Taram suke kiransa. Jirgi ne na cikin gari, babu hayaƙi, wani hannun ƙarfe a kan rufinsa yana shafar wayar lantarki da aka shimfiɗa a sama. Wannan layi sunansa City Circle, an buɗe shi a 1994 domin baƙi, kuma ba shi da mafari balle maƙura: yana kewaya tsakiyar birnin ne ya dawo inda ya ɗauke ka cikin kamar awa guda. Taragon da kansa tsoho ne, daga samfurin da ake kira W, wanda aka riƙa ƙerawa a Melbourne daga 1923 zuwa 1956, fiye da guda 700. Na daɗe ina shafa katakon tagar. Ya yi santsi saboda hannayen da suka riga nawa. Idan jirgin ya sha kwana sai ƙafafun ƙarfen su yi kuka, kujera ta yi rawa, kowa ya kama abin da ke kusa da shi. Direba yana da ɗaki a kowane ƙarshe, gaba da baya duk ɗaya ne. Wata murya da aka naɗa tana faɗin sunan kowane wuri da tarihinsa kafin a iso shi.

Muka yi yamma, kogin Yarra a hagunmu. Muka wuce tsohon ofishin kwastan da aka mayar gidan tarihin baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar, muka shiga Docklands, tsohuwar tashar jiragen ruwa da yanzu ta cika da dogayen benaye na gilashi. Wannan ɓangaren bai kama zuciyata ba. Iska ce kawai da fili. Da muka juyo ta titin La Trobe ne garin ya dawo da ransa. Ga babban ɗakin karatu na jihar Victoria, wanda aka kafa a 1854, ɗalibai zaune a kan ciyawar gabansa duk da sanyin. Can gaba, ta cikin bishiyoyin lambun Carlton, na hango ƙubbar Royal Exhibition Building na 1880, inda aka buɗe majalisar tarayyar Ostireliya ta farko a 1901. Daga nan sai titin Spring, inda ginin majalisar jiha yake da manyan ginshiƙai, kusa da shi kuma tsohuwar baitulmali da aka gina da rumbunan ajiye zinariya a ƙarƙashinta. Zinariyar da aka gano a 1851 ita ta mayar da ƙaramin gari ya zama birni cikin 'yan shekaru. Kafin duk wannan, ƙasar ta mutanen Wurundjeri ce da 'yan uwansu, kuma har yau za ka ji ana ambaton su a buɗe taro.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a hanya shi ne yadda motoci ke juyawa. A can hannun hagu ake tuƙi. A wasu mahaɗun tsakiyar gari, mai son ya juya dama ba ya tsayawa a tsakiya, sai ya koma can gefen hagu ya jira, har fitilar titin da zai shiga ta ba da hannu, sannan ya yanko. An yi haka ne don kada mota ta tsaya a kan dogo ta tare jirgi. Na ga direbobi huɗu a jere suna jira, babu mai hon, babu mai kutse. Mota ɗauke da mutum ɗaya ta ba jirgi mai ɗauke da mutane da yawa hanya, kuma doka ce ta ce haka.

Na tambayi yaron me ya sa sauran biranen da na bi ba su da irin wannan. Ya ce ai da suna da shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, birane da yawa sun tumɓuke dogayensu suka koma bas, suna ganin taram kayan da ne. Sydney, wadda take da layuka masu yawan gaske, ta rufe na ƙarshe a 1961. Melbourne ta ƙi. Shugaban hukumar taram na lokacin, Robert Risson, wanda ya riƙe ta daga 1949 zuwa 1970, ya tsaya kai da fata a kan a bar su. Faɗin titunan ma ya taimaka, domin tun a 1837 mai awon ƙasa Robert Hoddle ya zana manyan titunan da faɗin kusan mita 30. Yau birnin yana da kimanin kilomita 250 na layin taram, babu birnin da ya kai shi a duniya. Tun 2015 kuma, kowane taram kyauta ne muddin kana cikin tsakiyar gari. Sai za ka fita wajen iyakar ne za ka taɓa katin biyan kuɗinka na myki.

Akwai abin da ya sosa mini rai. Matakalar tsofaffin taragun tana da tsawo. Na ga wata dattijuwa da sanda tana fama, sai da mutum biyu suka tallafe ta, kuma mai keken guragu ba shi da hanyar shiga ko kaɗan. Sababbin jiragen da ke bin sauran layuka ƙasansu daidai yake da dandamalin tasha, su suka fi tausayin mai rauni.

Duk da haka, washegari na koma ni kaɗai. Baƙo a garin da bai sani ba, babban tsoronsa ɓata, kuma wannan jirgi ya ɗauke mini shi: duk inda na sauka, na san idan na dawo na tsaya a wurin, zai zo ya mayar da ni ƙarƙashin agogo. Na sauka a ɗakin karatu na yi awa biyu a ƙarƙashin ƙubbarsa, na sake hawa. A kujerar da ke gabana wasu iyali ne suna magana da Sinanci, a bayana wasu da Larabci, wani ma'aikaci da jakarsa ya hau ya sauka bayan tasha biyu. Da muka iso titin Spring, ruwa ya fara sauka, wani yaro ya miƙe ya ja tagar katakon ya rufe, direba ya buga ƙararrawa, muka gangara wajen kogi.