Gayya da Wasan Kwaikwayo a Garinmu Babura

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wani aiki da malaminmu na adabi ya ba mu a zangon da ya wuce, watau kowane ɗalibi ya koma garinsu ya samo rubutaccen wasan kwaikwayo ɗaya wanda ba a taɓa bugawa ba. Ni kuwa har murmushi na yi, domin na san inda zan sami goma. A unguwarmu a Babura akwai ƙungiyar samari wadda na shiga tun ina ɗan shekara 13, muna kuma da wani babban littafi mai baƙin bango inda muke rubuta wasanninmu. Da na je hutu na tambaya, sai aka kai ni ɗakin tsohon magatakardanmu, ya jawo kwali daga ƙarƙashin gado. Ashe gara ta riga ni. Abin da ya rage bango ne da shafi 7, su ma rabi-rabi.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa ba don wasa aka kafa ƙungiyar nan ba. Aikinta gayya ne: yashe magudanan ruwa kafin damina ta faɗi, share maƙabarta, da nome gonar duk dattijon da ciwo ya kwantar. Wasan daga baya ya shigo, kuma larura ce ta kawo shi. Wata shekara aka yi shela har sau uku mutane ba su fito ba, sai yayyenmu suka taru a ƙofar gidan mai unguwa bayan sallar isha'i, suka kwaikwayi magidancin da ke shigewa rumbu in ya ji ana kiran gayya, matarsa tana rantsuwa wai ya tafi cin kasuwa Kanya Babba. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma kowa ya tsargu. Kashegari sai da shebur ya yi kaɗan.

Sai da na zo jami'a na fahimci cewa ba wani sabon abu suka ƙaga ba. Tun kaka da kakanni Bahaushe ba ya raba gayya da fasaha. Inda manoma suka jeru a kunya, mai gangar noma yana bayansu yana zuga gwani, yana yi wa rago zambo. Haka tashen watan azumi yake gyara halin jama'a cikin raha. Yayyenmu gangar kawai suka musanya da dandali.

To, ina matsayin hukuma a nan? Gyaran da aka yi a 1976 shi ya kawar da tsarin En'e, ya kawo ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa baki ɗaya, da nufin kusanto da mulki ga talaka. Iyayenmu har yau suna tuna zamanin Abubakar Rimi, daga 1979 zuwa 1983, lokacin Babura tana cikin Jihar Kano, yadda aka cika garuruwa da azuzuwan yaƙi da jahilci. Suna kuma tuna MAMSER ta 1987, wadda ta yi ta amfani da 'yan wasa da mawaƙa wajen wayar da kai. A 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Babura ta koma ƙarƙashin sabuwar Masarautar Ringim. A duk waɗannan sauye-sauye, abin da na lura da shi shi ne, a wurin masu mulki ɗan wasa kakaki ne: a busa shi in ana da saƙo, a jingine shi in an gama.

Amma kada in ɗora wa wani laifin da yake namu. Gab da zaɓen 2019 wani ɗan takara ya ɗauke mu mu yi masa wasa, ya kuma biya mu kuɗin da ba mu taɓa riƙe irinsa ba. Ranar rabo aka yi baran-baran. Waɗanda suka hau dandali suka ce nasu kason ya fi, waɗanda suka shekara suna yashe kwata suka ce da guminsu ƙungiyar ta yi suna. Ni ma, Allah Ya yafe mini, ina cikin masu ɗaga murya. Daga ranar, in an kira gayya sai ka ji ana tambaya, "Nawa za a bayar?" Littafin kuwa babu wanda ya sake buɗe shi.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kuɗinsu kai tsaye. Abokaina a gida sun yi murna, har wasu na cewa a farfaɗo da ƙungiya a nemi alawus. Ni dai ban goyi bayan alawus ba, don na ga abin da kuɗin hannu ya yi mana. In da za a ji tawa, ɗaki ɗaya za mu roƙa inda za a riƙa gwaji, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo, da ma'aikaci guda a sashen walwalar jama'a wanda zai karɓi kwafin kowane wasa ya adana. Sauran aikin namu ne.

Game da aikin malam kuwa, sai na bi tsofaffin 'yan ƙungiya uku ɗaya bayan ɗaya, na naɗi wasan mai shiga rumbu daga bakinsu a wayata. Sun yi daidai a farkonsa da tsakiyarsa, amma suka saɓa a ƙarshe. Na farko ya ce kunama ce ta fito da shi, na biyu ya ce matarsa ce ta tona masa asiri, na uku ya rantse cewa barci ya kwashe shi har aka yaye rumbun. Shafin da zai raba gardamar yana cikin waɗanda gara ta ci. Duka ukun na rubuta na miƙa.