Mota ta koma haya, inshora ba ta da labari

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku daure ku kai ƙarshe, musamman 'yan uwana ma'aikata masu ɗan kwasar fasinja a hanyar ofis.

Tun ranar 1 ga Fabrairu, 2025 da 'yan sanda suka fara tare motoci suna tambayar takardar inshora, ƙorafin da nake gani a nan kullum na naira 15,000 ne. Gaskiya ne, kafin Janairun 2023 naira 5,000 ce, hukumar NAICOM ta ninka ta sau uku. Amma ni ba kuɗin ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni ya faru ne a gidanmu bara, kuma har yau ana yankar mini albashi a kansa.

Ƙanina, wanda yake bi na, shekara tara ya yi yana aiki a wani kamfani a nan Abuja. Da rancen kamfanin ya sayi Corolla, kuma sharaɗin rancen shi ne a yi wa motar cikakkiyar inshora. Ga wanda bai sani ba, inshorar mota iri biyu ce a wurin yawancinmu. Akwai ƙarama, ta naira 15,000 ɗin nan: idan ka buge motar wani ko shagonsa, za ta biya ɓarnar har zuwa naira miliyan 3, ta kuma ɗauki nauyin wanda ka ji wa ciwo, amma taka motar ko fitila ba za ta sauya maka ba. Sai cikakkiya, wadda ta haɗa da gyaran motarka, da gobara, da sata. Ita kuma a ƙa'idar NAICOM ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota ba. Motar miliyan 6, naira 300,000 ke nan a shekara. Yaron nan ko bayan ya gama biyan rance bai daina sabunta ta ba. Har tsiya nake yi masa, ina ce masa ɗan boko.

A watan Afrilu aka yi rage ma'aikata, guguwar ta haɗa da shi. Ranar Juma'a aka miƙa masa takarda, Litinin ya wayi gari a gida. Ga mata, ga yara uku, ga kuɗin haya a Mararaba, katin asibitin da kamfani ke biya musu shi ma ya tsaya. Wata biyu yana yawon kai takardun neman aiki, shiru kake ji.

Ni da bakina na ce masa, "Kai, ga mota a ƙofar gida kana zaman jiran tsammani? Fita ka ɗauki mutane mana. Sana'a ai ba abin kunya ba ce."

Ya ce, "Yaya, kana ganin ba matsala?"

Na ce, "Wace matsala? Takardunka ai sun fi na kowa cika a titin nan."

Wannan maganar ce har yau take hana ni barci.

Ya fara. Daga sallar asuba ya ɗauka daga Mararaba, ya bi Nyanya, ya haura AYA, ya sauke a cikin gari, ya juyo. In an cire kuɗin mai yana samun na cefane. Fuskarsa ta washe, mu ma hankalinmu ya kwanta.

Ranar wata Talata a watan Agusta, ana ruwan sama, a gangaren Kugbo wata jif ta taka burki a gabansa. Ya taka nasa, mota ta zame, ya dake ta ta baya. Fasinja huɗu ne a ciki, wata baiwar Allah ta karye a hannu. Ya kira ni muryarsa na rawa: "Yaya, na yi hatsari. Amma alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, kuma inshorata sai Nuwamba za ta ƙare."

Ni ma na ce alhamdu lillahi. Ashe ana kukan targaɗe ne, karaya na tafe.

Kamfanin inshora ya nemi rahoton 'yan sanda, muka kai. A cikin rahoton akwai bayanan fasinjojin, kowa ya faɗi inda ya hau da nawa ya biya. Bayan mako biyu aka kira mu. Jami'in bai ɗaga mana murya ba, har ruwa ya ba mu. Ya buɗe takardar da ƙanina ya sa wa hannu shekaru da suka wuce, ya ɗora yatsa a kan wani layi, ya ce, "Malam, motar hawa muka yi wa inshora, ta zuwa ofis da hidimar iyali. Ga shi nan a rubuce, ban da haya ko ɗaukar fasinja don kuɗi. Ranar da ka fara haya da ka zo ka gaya mana."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce shekara nawa yana zuba muku kuɗi bai taɓa karɓar ko sisi ba? Na yi ta faɗa har muka fito. Sai da na kwana biyu na huce, sannan na zauna na yi lissafi irin na ma'aikaci. Motar da ke zuwa ofis ta kwanta a inuwa har ƙarfe huɗu, da motar da ke kan titi daga asuba zuwa isha tana tsayawa kowace kwana, haɗarinsu ba ɗaya ba ne, don haka farashinsu ma ba ɗaya ba ne. Kamfani a kan bayanin da ka ba shi ya yanke maka kuɗi. Ranar da aikin ƙanina ya tafi, motarsa ta sauya sana'a, amma takarda tana nan a matsayin da. Ba ta jabu ba ce, ba ta ƙare ba, kawai dai ba ta wannan motar ba ce kuma.

Aka zo biyan kuɗi. Gyaran jif, kuɗin asibitin matar, da na janye mota, sun tasam ma naira miliyan 2. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, damar cire kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara. Kuɗin da muka so ya ja jari da su, a nan suka narke. Ni kuma na ci bashi a asusun ƙungiyar ma'aikatanmu na cika. Corolla ta yi wata uku a wurin makanikai a Apo, daga ƙarshe muka sayar da ita a yadda take. Ya rasa aiki, ya rasa mota, ya taɓa fanshonsa, duk a shekara ɗaya. Hajiyarmu har yau ba ta san adadin kuɗin ba.

To ga inda maganar ta shafe mu duka. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, wane ma'aikaci ne ba ya ɗan ɗiban mutane? Ku tsaya a bakin Sakatariyar Tarayya bayan an tashi aiki ku ga ikon Allah. Masu manyan riguna ne ke leƙo kai ta taga suna kiran Nyanya. Ni ma ina yi, ba zan ɓoye ba. Muna ce masa rage kuɗin mai. Da na dawo gida na ɗauko tawa takardar na karanta, layin nan yana ciki, kalma da kalma. Gemun ɗan uwana ya kama da wuta, dole na shafa wa nawa ruwa. Yanzu abokan aiki kawai nake ragewa hanya, ba na karɓar kuɗin kowa, duk da aljihu yana ji a jikinsa.

Shawarata ga wanda aiki ya kuɓuce masa, ko yake ganin alama:

Na farko, kafin ka ɗauki fasinja ko ɗaya, je kamfanin inshorarka ko na takaful ka gaya musu motar za ta koma haya. Su faɗa maka abin da za ka cika a sauya takardar. Ko nawa ne, bai kai miliyan 2 ba. Kuma a ba ka a rubuce.

Na biyu, idan ofis ne ke biya maka ana cira a albashi, tambayi ranar da za ta ƙare. Ƙa'idarsu ita ce ba biya, ba kariya.

Na uku, in cikakkiya ta fi ƙarfinka, sauko zuwa ƙarama, amma ta gaske. Kada ka ba ɗan kamasho a bakin ofishin lasisi ya bugo maka takarda. Danna *565*11# a wayarka ka sa lambar motarka, ko ka duba a shafin NIID, ka tabbatar tana cikin rajista.

Su kuma NAICOM da kamfanonin inshora, don Allah su shiga gidajen rediyo su yi wa mutane wannan bayani da Hausa. Ɗan sanda a shinge takarda kawai yake dubawa, ba ya gaya maka abin da ta ƙunsa. Idan ni mai digiri, mai karanta fayil kullum, ban san da layin nan ba, ina ga wanda bai yi boko ba?

Ƙanina yanzu yana tsaron shagon wani abokinsa a Masaka, yana kuma ci gaba da neman aiki. Bai taɓa ce mini "kai ka sa ni" ba. Da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Ku taya shi da addu'a. Wanda kuma yake da mota, yau da dare ya buɗe aljihun gaban motarsa ya karanta takardar nan. Allah Ya rufa mana asiri, Ya tsare mu da tsautsayi, Ya buɗa wa duk mai neman aiki. Amin.