Murya Huɗu a Ƙasar Kabo

Kaka ta yi, an fara yankan dawa, hunturu kuma ya soma leƙowa, lokacin da na shiga motar Gwarzo a Kabuga. Waƙa ce ta fitar da ni daga birni. Wani abokin aikina, Bahaushe Kirista ɗan ƙasar Kabo, ya daɗe yana ce mini in har ina son jin maza da mata sun haɗa murya huɗu da Hausa tsantsa, to in zo ƙauyensu a lokacin da mawaƙan coci ke shirin Kirsimeti.

Muka wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, da barikin Janguza, da Rimin Gado, hagu da dama sai dammunan dawa da mata masu roron gyaɗa. Tsakanin Kano da Gwarzo kimanin kilomita 70 ne. A can na sauka gidan wani ɗan'uwana. Bayan la'asar, daga wata Islamiyya da ke bayan gidan, na ji ɗalibai suna bitar waƙar da za su yi ranar saukar karatu. Na leƙa. Yara maza a gefe guda, 'yan mata a ɗaya gefen, wata yarinya tana ja, saura suna amsawa, duka a kan kari ɗaya. Haka muka gaji waƙar taro: mai ja da 'yan amshi, daga gaɗar 'yan mata a dandali har zuwa ƙungiyar Ɗanƙwairo.

Washegari na koma ta Kabo, abokina ya tare ni da babur, muka bi wata 'yar burtali mai yashi zuwa ƙauyen. Cocinsu na ECWA ne, ginin bulo da rufin kwano, bencina a jere. Mutanen wurin manoma ne, kakanninsu Maguzawa, ba su da wani yare sai Hausa. Irin su suna nan a Karaye da Rogo da Sumaila, har zuwa Malumfashi da Ƙafur a Jihar Katsina. Asalin cocin nasu mishan ɗin SIM ne, wanda Turawa uku suka kawo a 1893, ya haifi ECWA a 1954. Faston ya ce mini a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa ya yi karatu, ga ta nan kusa da Kano.

Sai da rana ta yi sanyi mawaƙan suka taru, kowa daga gona. Shugabansu malamin firamare ne, siriri, alli duk ya ɓata masa hannun riga. Ya cika allo da haruffa: d, r, m, f, s, l, t, da ɗigo-ɗigo a tsakani. Wannan ita ce hanyar rubuta sautin waƙa da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, 'yan mishan suka zo da ita. Ya raba su kashi huɗu. 'Yan mata masu zaƙin murya su ne murya ta ɗaya, matan aure ta biyu, samari ta uku, dattawa masu kaurin murya ta huɗu. Kowane kashi ya koyi nasa shi kaɗai, har na fara tunanin waƙoƙi huɗu dabam ake koya. Da ya ɗaga hannu suka haɗu gaba ɗaya, sai na ji tsikar jikina ta tashi.

Sun fara da wata tsohuwar waƙa daga Littafin Waƙoƙi, cikin waɗanda aka fassaro daga Turanci. Ta yi daɗi, amma kunnena bai kwanta ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, mai dogon wasali da gajere, karin waƙar kuwa don kalmomin wani harshe aka tsara shi. Sai ka ji gaɓar da ya kamata ta sauka ta hau, wadda ya kamata a ja an datse ta. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa gaba ɗayansa tun 1932, da aikin Dokta Walter Miller na Zariya da abokansa, to amma mai fassara waƙa yana da wani ɗaurin da mai fassara karatu ba shi da shi.

Ta biyun ce ta tsayar da ni. Wata mata mai goyo ta jawo tulu tsakanin ƙafafunta, tana dukan bakinsa da tafin hannu, yana ba da wani amo mai zurfi, yaron da ke bayanta ko motsi bai yi ba. Wata ta ɗauki kacau-kacau. Murya ɗaya ta ja baiti, matan suka amsa, sannan mazan suka shigo daga ƙasa. Duk inda muryar farko ta hau, sauran ukun sai su hau tare da ita, inda ta sauka su sauka. Ban rasa kalma ko ɗaya ba.

Da aka tashi na ce wa shugaban, "Malam, wannan ta ƙarshen wa ya tsara ta?"

Ya yi murmushi ya nuna wani dattijo a bencin baya. Na je na durƙusa muka gaisa. "Baba, yaya ake yi waƙa ta fito haka?"

Ya ce, "Ɗana, ni ban iya haruffan allon nan ba. Ayar nake ta maimaitawa a gona, ina faɗa ina faɗa, har maganar da kanta ta nuna mini inda za ta hau da inda za ta sauka. In na dawo sai in rera wa Malam, shi kuma ya raba wa mutane."

A ganina wannan dattijo ya warware matsalar da manyan masana kiɗa na ƙasar nan suka daɗe suna fama da ita. A Kudu akwai Ikoli Harcourt Whyte, wanda aka haifa a 1905 ya rasu a 1977. Cutar kuturta ta kai shi asibitin Uzuakoli, a can ya tsara waƙoƙin taro sama da 200 da harshen Ibo, yana kiyaye karin harshen. An tattara nasa, ana nazarinsu a jami'o'i, ana rera su har gobe. Na mutanen Kabo da Gwarzo kuwa suna cikin littafin rubutu irin na 'yan makaranta, wanda gara ta fara ci, da cikin wayoyin samari, da cikin kan tsofaffi.

Abu guda ya dame ni. Ranar Lahadi aka tayar da janareto, aka kunna fiyano mai lantarki da lasifika, sai kiɗan ya danne muryoyin, ta huɗu ma ba a jin ta sam. Samarin suna son su yi irin na Solomon Lange da Panam Percy Paul da suke ji a waya, kuma ban ga laifinsu ba. Amma abin da suke da shi ranar bita, da tulu da maƙogwaro kawai, ya fi ƙarfin abin da na'urar ke ba su, na kuma gaya wa shugaban haka kafin in hau babur.

Ni Musulmi ne, na shiga wurin a matsayin baƙo, aka tarbe ni da fura da mutunci. Abin da na ji adabin Hausa ne, kamar yadda waƙar yaran Islamiyyar Gwarzo take. Ina roƙon malaman sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero da ɗalibansu masu neman abin bincike su ɗauki na'urar naɗar murya su bi hanyar Gwarzo a watan Disamba, tun masu waƙoƙin suna raye.