Bin Sawun Kifin Salmon a Kogin Klamath

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Ina Requa, inda Kogin Klamath ke zuba ruwansa cikin Tekun Pasifik a arewacin Kalifoniya, ƙasar ƙabilar Yurok. Daga nan zan bi hanyar da kifin salmon ke bi idan ya baro teku. A rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekaru yana girma, sannan ya juyo ya yi ta dukan ruwa har ya kai rafinsa na asali, ya zuba ƙwai, ya mutu. Da ya shigo ruwan daɗi ya daina cin abinci, kitsen da ya tara a teku shi ne guzurinsa. Bara da bana hukuma ta hana kamun salmon a tekun Kalifoniya saboda ya yi ƙaranci ƙwarai.

Talata, 15 ga Oktoba

Na yada zango a Weitchpec, inda Kogin Trinity ya haɗu da Klamath. Daga nan zuwa teku ne aka yi asarar da mutanen yankin ba su manta ba. A Satumban 2002 an karkatar da ruwa mai yawa zuwa gonakin rani, kogi ya ja baya, ruwa ya yi ɗumi, kifaye suka cunkushe, cuta ta bi su. Manyan kifaye fiye da 30,000 suka mutu tun ba su zuba ƙwai ba, gawarwakinsu jibge a gaɓa. Daga ranar Yurok da Karuk da sauran ƙabilu suka tashi haiƙan. A 2004 har Sukotilan suka je, suka yi zanga-zanga a taron kamfanin da ke da madatsun ruwan kogin a lokacin. Sai a Nuwamban 2022 hukumar makamashi ta tarayyar Amurka ta amince a rushe huɗu daga cikinsu.

Laraba, 16 ga Oktoba

Yau na tsaya inda madatsar Iron Gate take a da. Tsayinta ya haura mita 50, kuma ba a yi mata matakalar kifi ba, don haka nan tafiyar salmon ke yankewa. Ita da madatsun Copco 1 da Copco 2 da J.C. Boyle duk an kawar da su, an kammala aikin a farkon watan nan. Wutar lantarki kawai suke bayarwa, tabkunansu kuwa duk lokacin zafi sai gansakuka mai guba ta rufe su.

Na taka tsohon gindin tabkin. Laka ta bushe ta tsattsage, tsiro na leƙowa ta tsagogin. Ma'aikatan Yurok ne ke shuka irin ciyayi da itatuwan ƙasar nan, irin da suka yi shekaru suna tarawa, domin saiwa ta riƙe gaɓa, inuwa ta sanyaya ruwa. Aikin bai zo da sauƙi ba: da aka buɗe tabkunan a Janairu, lakar da ta daɗe a kwance ta gangara, kogi ya yi baƙi ƙirin, kifaye da dama suka mutu. An zaɓi hunturu ne don ɓarnar ta zo da sauƙi.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na tsugunna a bakin wani rafi da ke sama da Iron Gate, ruwan garai-garai, sanyinsa har ƙashi. Macen salmon ta kwanta kan gefenta tana kaɗa jela da ƙarfi, tsakuwa na tashi, rami na buɗewa. Jelar ta ƙoƙe ta yi fari, jikinta duk ƙuje-ƙuje. Namiji na gefe yana korar wani da ya matso. Idan ta zuba ƙwan za ta rufe su da tsakuwa, ta tsare wurin har ƙarfinta ya ƙare. Gawarta kuma ta zama abincin ƙwari, ƙwarin su zama abincin 'ya'yanta. Gidan ƙyanƙyasar kifi, komai kyansa, ba ya iya wannan.

Labari ya iso cewa jiya masana kifi na jihar Oregon sun ga salmon a wani rafi da ke sama da inda J.C. Boyle take. Rabon da a gan shi a can tun 1912.

Jumma'a, 18 ga Oktoba

Na iso Klamath Falls, kusa da mafarin kogin. An buɗe wa kifi hanyoyin ruwa kimanin kilomita 640, amma da sauran rina a kaba. Madatsun Keno da Link River suna nan, kuma dole matakalan kifinsu su iya ɗaukar salmon. Ruwan Tabkin Klamath na Sama shi manoma ke jira, shi ƙabilun Klamath ke karewa saboda kifayensu da ke gab da ƙarewa, shi kuma salmon ke buƙata a ƙasa. Manomin nan ba abokin gaba ba ne, shi ma da ruwan yake ci da iyalinsa. Amma idan fari ya zo aka zauna rabon ruwa, ina fata a ware wa kogin kasonsa tun farko. Abin da aka kasa yi a 2002 ke nan, kuma rushe madatsa kaɗai ba zai hana a maimaita shi ba.