Kafin ka kai kuɗin Baba kasuwar laftof

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan sashen kwamfuta, kusan kullum sai wani ya tambaye ni wace laftof zai saya. Amsata ɗaya ce: fara sanin abin da za ka ɗora mata.

Ni daga Lugbe nake zuwa Jami'ar Abuja, kuma aikina na shekarar ƙarshe Linux yake buƙata, alhali Windows ce a kwamfutata. Mafita ita ce in buɗe wata kwamfutar a cikin tawa, wato abin da muke kira VM. A nan ake gane laftof ta gaske, domin baƙuwar za ta yanki rabonta na RAM. Idan 8GB gare ka, ka ba ta 4GB, sannan ka buɗe Chrome da VS Code, wallahi sai ka sha shayi ka dawo tana nan tana tunani.

Manhaja ba ita ce matsala ba. VirtualBox kyauta ce. VMware Workstation Pro ma ta zama kyauta tun 2024. In kuwa rubuta umarni kawai za ka yi a Ubuntu, WSL2 da ke cikin Windows ta ishe ka, kuma ta fi sauƙin nauyi. Ni da ita nake aikin yau da kullum, VirtualBox kuma sai ranar da nake son cikakkiyar Kali.

Kuɗinka ya tafi kan abu uku: RAM 16GB ko gurbin ƙara ta daga baya, SSD maimakon tsohon faifai, da Intel ƙarni na 8 zuwa sama, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025. ThinkPad T480 ta hannu nake riƙe da ita. Ba ta da kyan gani, amma gurbin RAM biyu gare ta, ga batir na waje da ake cirewa a sauya. Duk wanda aka taɓa ɗauke masa wuta yana tsakiyar aiki ya san darajar wannan.

Masu sha'awar MacBook M1, ku sani ba a ƙara mata RAM, kuma VM ɗin da malami zai raba wa aji, in na Intel ne, ba zai tashi kai tsaye ba.

In ka je Banex Plaza a Wuse 2, kar ka biya sai ka buɗe Task Manager ka ga adadin RAM da idonka, ka kuma shiga BIOS ka tabbatar akwai VT-x.

Da yawanmu sai da aka sayar da buhunan masara ko tunkiya kafin a haɗa kuɗin nan, kuma ba za a sake ba kafin mu gama. Allah Ya sa mu kammala lafiya.