Kanarin da Ba Ya Cin Gero

Ni dai tun ina yaro Allah ya yi ni da wuyar karɓar sabon abu. Saboda haka sa'ad da ɗana mai aiki a Ikko ya zo ganin gida Zariya da daminar 2023, ya fito da wani ɗan farin abu wanda bai fi tafin hannu ba, ya ce zai kafa shi a bangon ɗakin uwarsa, sai na tambaye shi ko ado ne ɗakin ya rasa. Ya ce, "Baba, ba ado ba ne, hanci ne. Yana jin abin da hancinmu ba ya ji." Ya kafa shi, ya haɗa shi da wani ɗan akwati mai batir da ke kawo intanet, ya ce in wani abu ya faru wayarsa za ta gaya masa ko yana ina. Na yi shiru, amma a raina na ce yaron nan kuɗi ne suka yi masa yawa.

Ana nan, hunturu ya kama. A cikin watan Disamba aka kawo mana jikoki biyu hutu, suna kwana ɗakin kakarsu. Wani dare sanyi ya tsananta, sai uwargida ta hura gawayi a kasko ta shiga da shi, ta rufe taga, ta ja ƙofa, har ta cusa tsumma a ƙarƙashinta don ƙura. Can wajen ƙarfe biyu sai na ji wata ƙara mai huda kunne. Na zabura, na ɗauki sanda, ina tsammanin ɓarayi ne. Kafin in tsallake tsakar gida sai ga wayata tana kuka, na ɗauka na ji muryar ɗana: "Baba, ku buɗe ƙofa da taga, ku fito da kowa waje, yanzu yanzu!"

Na bankaɗe ƙofa. Babu hayaƙi a ɗakin, babu wari, garwashi ne kawai ya yi ja a kasko. Uwargida ta tashi zaune ta dafe kai, ta ce, "Malam, kaina kamar zai tsage." Babbar jikar ta taso tana tangaɗi. Ƙaramar kuwa, wadda kullum ta ke tsokanata tana ce mini angonta, sai da na ɗauke ta a kafaɗa, muna fita ta yi amai. Maƙwabci ya kai mu asibiti a daren, aka sa musu iskar oksijin, kafin hantsi suka wartsake. Alhamdu lillahi.

To, a nan ne likita ya zaunar da ni ya karanta mini karatun da ban yi a makaranta ba. Duk abin da ke ƙonewa, gawayi ne ko itace ko fetur na janareto, idan iska ba ta ishe shi ba, sai ya riƙa fitar da wata guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. A cikin jinin mutum akwai abin da ke ɗaukar oksijin yana kai wa jiki, gubar nan kuwa ta fi oksijin kama shi fiye da sau 200. Mai barci ba ya jin shaƙewa, barcin ne kawai zai yi ta nauyi. Da haka a ke wayar gari a sami iyali guda sun mutu a ɗaki da janareto a lungu, jama'a su yi ta zargin abinci ko sammu.

Shi ɗan farin abin, a cikinsa akwai wani ɗan ƙoƙo mai ruwan asid da ƙarafa ƙanana. Gubar na taɓa shi sai ya haifar da 'yar wutar lantarki, na'urar ta auna ta, ta kuma lissafa lokaci. Bisa ƙa'idar Amurka, in gubar ta kai kashi 70 cikin miliyan za ta jira awa 1 zuwa 4 kafin ta yi ƙara, in ta kai kashi 400 kuwa ba za ta wuce minti 15 ba.

Dabarar ma ashe tsohuwa ce. Wani masani ɗan Sukotilan, John Scott Haldane, shi ya ba da shawara tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 cewa masu haƙar kwal su riƙa shiga rami da ɗan ƙaramin mai rai, ɓera ko tsuntsu, domin gubar ta fi saurin kama shi. Sai suka riƙa shiga da kanari a keji, in ya faɗo daga kan sanda kowa ya nemi hanyar fita. Ba a sallami kanari daga ramukan Birtaniya ba sai a 1986, da na'ura ta gaje shi. Ni da na yi kiwon kanari ina yaro, da na ji wannan sai abin bangon ya fara shiga raina.

Wani abin da ya tsaya mini shi ne, kakata ta yi shekara da shekaru tana kwana da wuta a ɗaki, har gadon ƙasa gare ta wanda a ke zuba garwashi a ƙarƙashinsa. Amma ɗakinta na jinka ne, asabari ne a ƙofa, iska na shiga tana fita ta ko'ina. Mu kuwa muka yi ginin siminti, muka sa silin da tagogin gilashi, muka toshe kowace kafa, sa'an nan muka shigo da kaskon kakanninmu ciki ba mu sake masa komai ba.

Ba zan ɓoye ba, akwai abin da har yanzu bai kwanta mini ba. Gidan da ke iya gaya wa ɗana a Ikko halin da ɗakin uwarsa ke ciki, ta hannun wani kamfani ya ke aika saƙon, kamfanin da ban taɓa ganin ƙofarsa ba. Mu da muka gina zaure don kada baƙo ya san cikin gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa da yaron ya zo da maganar kafa kyamara a tsakar gida da makulli mai buɗewa da waya, na ce a'a. Hancin dai na karɓa, har na sa ya ƙaro biyu, ɗaya ɗakina, ɗaya kusa da inda mu ke ajiye janareto, wanda yanzu muka fitar da shi fili nesa da tagogi.

Ran nan ya nuna mini bayan na'urar, ashe akwai ranar mutuwarta a rubuce, domin ƙoƙon nan yana tsufa, galibi bayan shekara 5 zuwa 10. Na ɗauki alƙalami na rubuta shekarar a bango, daidai ƙarƙashinta, da manyan lambobi yadda uwargida za ta iya gani ba tabarau.