Daga Samaru zuwa Sabon Gari

Shekara uku alƙalamina yana bushe. A Samaru, tsakanin ofis da Laburaren Kashim Ibrahim, ba na rubuta komai sai takardun neman ƙarin girma, da Turancin da mahaifiyata ba ta ji.

Wata Asabar na hau bas, muka ratsa Kwangila, na sauka kasuwar Sabon Gari. Can na iske Hausa da ranta da lafiyarta: mai tumatur yana ce wa Bayarabiya "albarka", ɗan dako yana zuba karin magana kyauta.

A Zariyar nan Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Jarin yana nan a bakin jama'a. Mu malamai ne muka toshe kunne.

Daren nan na cika shafi biyar, da safe na karanta wa mahaifiyata.